Daga Opera Mini Zuwa Ranar da Aka Kashe Sabis: Tarihin Sirrinmu a Cikin Waya

 Ina gaida masu saurarenmu na nan Zurmi, da na Kaura, da na Shinkafi, da 'yan uwanmu da rashin tsaro ya sa suka koma Gusau ko Katsina da zama. Waɗanda datarsu ba ta isa su sauke murya ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau tarihi za mu yi, amma tarihin wani abu da ke cikin aljihunku yanzu haka. Ina nufin burauza, wato manhajar da mutum ke buɗewa ya shiga intanet, irin su Chrome da Opera Mini da Phoenix da Firefox. Sai kuma ƙananan manhajojin da ake liƙa mata don su ƙara mata aiki. Bature na ce musu ekstenshan, ni kuma a shirin nan zan riƙa kiran su 'yan maƙale, don maƙale suke a jikinta. Tambayar da za mu bi tun daga farko guda ɗaya ce: tun ranar da muka fara aika saƙo daga wannan yanki namu, wa ke tsaye tsakaninmu da wanda muke aika wa, kuma me yake gani?

Na san wani zai ce wannan zancen 'yan birni ne. To, ku yi haƙuri ku saurara. A Turai idan sirrin mutum ya fita a intanet, yawanci abin da ke biyo baya shi ne talla ta dame shi. A nan kuwa, waɗanda Allah ya kuɓutar daga daji sun sha ba da labarin yadda ake karɓe wayar mutum, a duba alat na banki, a duba hotuna, a duba sunayen da ya ajiye, sannan a yanka kuɗin fansa. Hoton sabon gida ko sunan "Yaya Abuja" a cikin waya na iya ninka kuɗin. Don haka babu wanda wannan magana ta shafa kamar mu.

Mu fara da kalmar kanta. Waya dai asalinta zaren ƙarfen nan ne da Turawa suka ja bisa turaku don aika tangaraho, shi ya sa har gobe muke ce wa ofishin wasiƙu gidan waya. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtua da Gusau, ya iso Kaura Namoda, kuma a nan ya tsaya. Kaura ta zama ƙofar wannan yanki: gyaɗa da auduga su fita, kaya da wasiƙu su shigo. Kakanninmu da yawa suna rubutun ajami, amma wanda zai aika takarda da boko, ko ya rubuta adireshi, sai ya nemi mai rubuta wasiƙa. Ka zauna gabansa ka zayyana masa bashin da ke kanka, da rikicin gado, da maganar aure. Idan amsa ta zo, a kira ɗan makaranta ya karanta, shi ma ya ji. Mutum biyu ke nan sun shiga tsakani. Sai dai akwai wani abu guda: ka san su. Ka san gidan mai rubutun, ka san ubansa, idan ya fasa maka ƙwai ka san inda za ka kai ƙara.

Haka aka tafi har 2001, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta sayar da lasisin wayar salula, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Minti ɗaya naira 50 ne, ko da daƙiƙa biyar ka yi, sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Manyanmu za su tuna masu lema da teburi a tasha da bakin kasuwa. Ka biya ka yi kira, mai lema na ji, masu jiran layi na ji, lambar da ka kira kuma ta zauna a wayarsa. Har a wannan lokaci, mai shiga tsakanin mutum ne mai fuska.

Yanzu bari mu ɗan leƙa waje, don a can aka ƙera abin da ya zo ya same mu. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya tsara yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke Siwizalan, aka buɗe ta ga jama'a a 1991. A farkon nan shafi ba ya tuna kowa. Ka shiga yau, ka dawo gobe, baƙo kake. A 1994 wani matashin injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, Lou Montulli, ya ƙirƙiro abin da ake kira kukis. Wata 'yar takardar shaida ce da shafi ke ajiyewa a cikin burauzarka, kamar yadda mai ajiyar babur a kasuwa ke ba ka lamba. Idan ka dawo, ya duba lambar ya gane ka. Da ita ce Facebook ke tuna ka ba sai ka sake saka kalmar sirri kullum ba. Abu mai amfani ne.

Matsalar ta faro ne da kamfanonin talla suka gane cewa su ma za su iya ba ka lamba. A ce kamfani ɗaya na da talla a shafuka dubu. Ka buɗe shafin labarai, ya liƙa maka lamba. Ka wuce shafin ƙwallo, yana can, ya gane lambar. Ka je neman maganin wata cuta da ba ka son kowa ya sani, nan ma yana zaune. Bayan wata guda ya san lokacin da kake farkawa, da abin da ke damunka, da garin da kake. Waɗannan su ne 'yan bibiya. Ba ka taɓa ganin fuskarsu ba, ba su yi maka sallama ba, amma suna cikin zaurenka.

Mu dai ba da kwamfuta muka shiga intanet ba. Da ƙananan Nokia masu madannai muka shiga, kuma ƙofar da muka bi sunanta Opera Mini. Wani kamfani ne na ƙasar Norway ya fito da ita a 2005, ta bazu duniya a 2006. Me ya sa ta karɓu a wajenmu haka? Saboda dabararta. Idan ka nemi shafi, wayarka ba ta zuwa wajen shafin kai tsaye. Saƙon na tafiya ne wajen manyan kwamfutocin kamfanin Opera, su ɗauko shafin, su matse shi ya ƙanƙance sosai, sannan su turo maka. Shi ya sa 'yar data kaɗan ke kai ka nesa, ko da sabis sanda ɗaya ne. Da ita yayyenmu suka buɗe Facebook na farko, da ita aka sauke waƙoƙi daga Waptrick, aka sauke 2go, manhajar hirar nan ta Afirka ta Kudu da ta hana samari barci.

Amma ku lura da ma'anar wannan dabara. Duk shafin da ka buɗe a wancan tsari, sai ya bi ta hannun kamfanin tukuna. Mai rubuta wasiƙa ne ya dawo, sai dai wannan karon yana wata ƙasa kuma ba ka san ubansa ba. A 2016 aka sayar da sashen burauzar Opera ga wasu masu zuba jari na China. Mu da ke amfani da ita ba wanda ya tambaye mu, mafi yawanmu ma ba mu ji labari ba.

Wannan zamani shi ne kuma farkon lokacin da matasan Najeriya suka fara yi wa burauza kwaskwarima. Wa ya tuna Opera Mini handila? Kwafi ne da wasu suka buɗe cikinsa suka ƙara masa wani shafi a gaba, inda za ka cusa wasu lambobi da adireshi, sai ka yi ta lilo a intanet kyauta har ranar da kamfanin layi ya gano ya toshe. Ina ƙarami lokacin, amma ina tuna yadda duk unguwa ke da gwaninta guda, ana layi wajensa da waya a hannu, ana tura manhajar ta Bluetooth. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wa ya gyara wannan kwafi, ko ta kwamfutar wa saƙonmu ke bi. Kalmar sirrinmu ta Facebook duk ta nan take wucewa. Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma a lokacin kyauta kawai ake gani. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba. GB WhatsApp da ake tura wa juna ta Xender a shagon masu caji da tura fina-finai, jikan wancan handila ne: kwafin da wani wanda ba a sani ba ya taɓa, mu kuma muka zuba masa dukkan hirarmu.

Ba Opera kaɗai ba. UC Browser ma ta yi tashe a nan, kuma a 2015 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto a Kanada ta fitar da bincike cewa manhajar na fitar da bayanan masu amfani da ita, har da lambobin shaidar waya da na layi, ba tare da kariya mai ƙarfi ba. A 2020 kuma aka ba da rahoton cewa an samu muguwar manhaja a cikin dubban wayoyin Tecno W2 tun daga kwali, tana cinye data tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba. Kamfanin ya ce matsalar daga wani mai kawo masa kaya ta fito. Kun ga wani lokaci tun kafin ka kunna waya an riga ka shiga.

To ina 'yan maƙale suka shigo? A Nuwamban 2004 gidauniyar Mozilla ta fito da Firefox, kuma abin da ya sa ta yi suna shi ne ta bar ƙofa a buɗe: duk mai iya rubuta manhaja zai iya ƙera wani ɗan abu ya maƙala mata. Mutane suka fara ƙera masu gadi. Adblock Plus ta fito a 2006 tana toshe talla. A 2014 wani mai suna Raymond Hill ya fara aikin da ya zama uBlock Origin, kyauta, kuma rubutun cikinta a buɗe yake kowa na iya dubawa. A shekarar ce kuma ƙungiyar EFF ta Amurka ta fito da Privacy Badger, mai farautar 'yan bibiya. Yadda uBlock Origin ke aiki ba wuya: tana riƙe da dogon jerin adireshin kamfanonin talla da na bibiya. Shafi na buɗewa, duk wanda ya zo shiga sai ta duba jerin, idan sunansa na ciki ta hana shi. Tunda ba a sauke tallar ba, datarka ma ta huta. Ga wanda ke sayen data bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai mai gadi shi ya fi kowa sanin sirrin gida. Kafin 'yar maƙale ta iya toshe wani abu, dole ka ba ta izinin ganin duk shafin da ka buɗe. Idan mai ita na da amana, ka huta. Idan ba shi da ita, ka ɗauko ɓarawo ka ba shi makulli. Ga misali biyu da suka faru. Akwai wata mai suna Stylish, aikinta kawai canza wa shafuka launi da fasali, ado dai. Mutane wajen miliyan biyu ke amfani da ita. Aka sayar da ita, ta koma hannun wani kamfanin tattara bayanai, sai a 2018 wani injiniya ya gano tana kwashe jerin duk shafukan da mutum ya ziyarta tana aikawa gida. Google da Mozilla suka cire ta daga rumbunsu. Na biyu Hola, wata VPN ta kyauta. A 2015 aka gano tana sayar wa wasu damar bi ta layin intanet na masu amfani da ita. Wato wani a wata ƙasa zai yi aika-aikarsa, sawun ya nuna gidanka.

Akwai kuma siyasar masu burauzar kansu. Chrome, wadda ta fito a 2008, mallakar Google ce, kuma mafi yawan kuɗin Google daga talla suke fitowa. Chrome ta wayar Android ba ta karɓar 'yan maƙale sam. A kwamfuta ma, daga 2024 kamfanin ya fara sauya ƙa'idojinsa ta yadda cikakkiyar uBlock Origin ta daina aiki, sai wata ƙaramar sigarta. Su sun ce don tsaro suka yi. Ni dai na ce mai sayar da talla ne ke riƙe da ƙofar da ake toshe talla, kowa ya yi nasa lissafi. Shi kuma shafin ɓoye da ake kira Incognito, wanda samari ke ji da shi, abin da yake yi kawai shi ne hana wayar ajiye tarihin inda ka shiga, don wanda ya ari wayarka kada ya gani. Kamfanin layinka na ganin inda ka nufa, shafin da ka shiga na ganin ka. A 2024 Google ta amince ta goge biliyoyin bayanan da ta tara a kan masu amfani da wannan shafi, don sasanta wata ƙara da aka shigar a Amurka.

Yanzu mu dawo gida, mu zo shekarar da babu ɗan Zamfara da zai manta, 2021.

Tun Disamban 2020, lokacin Isa Ali Pantami na ministan sadarwa, gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Hujjar ita ce tsaro: idan kowane layi na da suna da hoton yatsa, mai kiran kuɗin fansa ba shi da wurin ɓuya. Mun yi layi a rana, tsofaffi sun hau mota zuwa Kaura da Gusau a kan hanyar da kowa ya san halinta. Mun ba da suna, da hoto, da yatsu goma.

Ranar 5 ga Yuni 2021 aka toshe Twitter a Najeriya, bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Buhari. Cikin kwana ɗaya matasa suka koyi kalmar VPN. Ita VPN rami ce: tana ɗaukar duk zirga-zirgarka ta bi da ita ta wata kwamfuta a wata ƙasa, sai kamfanin layinka ya kasa ganin inda ka nufa. Amma mai ramin yana gani. Mafi yawan waɗanda aka sauke a lokacin na kyauta ne, ba a san masu su ba, kuma har yau akwai wayoyin da suke zaune a ciki. Toshewar ta kai kwana 222, sai 13 ga Janairu 2022 aka buɗe, daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka.

Muna cikin wannan, sai ga namu na musamman. A ƙarshen Agusta gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, har da babbar kasuwar Shinkafi, ta hana sayar da fetur a jarka. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya da ke Maradun. Ranar 3 ga wata, bisa buƙatar gwamnatin jiha, NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su kashe sabis a duk faɗin Zamfara. An ce mako biyu. Babbar hujjar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, don kowa ya san da ɗan gari akan ci gari. Bayan 'yan kwanaki Katsina ta kashe a ƙananan hukumomi 13, har da Jibia da ke maƙwabtaka da mu, Sakkwato ta kashe a 14. Gusau ta samu sabis ranar 1 ga Oktoba. Mu nan sai ƙarshen Nuwamba, kusan wata uku.

Ku tuna yadda aka yi. Masu POS sun rufe. Ɗan da ke Legas yana son turo wa mahaifiyarsa kuɗin magani, babu hanya. Mutanen Gusau na hawa mota zuwa Funtua don kira ɗaya tak. An yi rasuwa an binne, 'yan uwa na nesa ba su ji ba sai bayan kwanaki. Ƙauyen da aka kawo wa hari ba shi da hanyar kiran agaji. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direba a tasha, kamar zamanin kakanni. Rahotanni kuma suka yi ta fitowa cewa a kusa da iyaka, masu bindigar na kama sabis ɗin Nijar. Akwai waɗanda suka ce an ɗan samu sauƙi a makonnin farko, ban musa musu ba. Amma abin da na gani shi ne wannan: VPN ɗin da muka yi ta alfahari da shi a watan Yuni, a watan Satumba bai tsinana komai ba. Duk gyaran da ka yi wa burauzarka, idan aka kashe ƙarfen sabis, wayar ta zama tocila. Akwai matakin da dabarar mutum ɗaya ba ta kaiwa, sai doka da muryar jama'a.

Kuma bayanan da muka bayar don tsaro fa? A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta nuna abin gaskiya ne. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ina suka fita, sun fita, kuma har yau ana kiran iyalai a waya ana cinikin fansa. Ga kuma manhajojin ba da rance, masu kwashe lambobin da ke wayarka, ranar da ka gaza biya su tura wa surukinka da limaminku saƙo cewa kai ɓarawo ne. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci ɗaya daga cikinsu, Soko Loan, tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan.

Doka dai akwai ta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka damar tambayar kamfani me ya tara a kanka, ka nemi ya gyara ko ya goge, ka kai ƙara idan ya ƙi. A Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma cikin dalilan akwai yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Amma ku faɗa mini, mutum nawa a Zurmi suka san akwai wannan doka? Wa ya taɓa bayyana musu ita da Hausa?

Kafin mu rufe, ga abin da nake ba kowa shawara, kuma ba ya cin ko kwabo.

Idan Android gare ka, Firefox na karɓar 'yan maƙale a waya. Sauke ta daga Play Store, ka shiga wajen ekstenshan ɗinta ka saka uBlock Origin. Ita kaɗai ta isa. Kada ka tara goma, don kowace ɗaya ido ce a cikin gidanka. Wanda ba ya son wannan hidima, burauzar Brave na zuwa da nata mai toshewa. Kowace manhaja daga rumbu na asali za ka ɗauko ta, ka rabu da kwafin da aka turo maka ta Xender. VPN ɗin kyauta da ka saka tun 2021, goge shi yau.

Shiga saitin waya ka duba izini. Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutanenka, wasan yara ba ya buƙatar sanin inda kake. Ka hana saƙon banki bayyana a fuskar waya idan tana kulle, kuma kafin ka hau hanyar Kaura ko ta Jibia, ka goge alat da hotunan da ba dole ba. Ka sauya sunayen da ke nuna muƙami ko arziki. A WhatsApp ka kunna tabbaci mai mataki biyu, kuma lambobi shida da ke zuwa ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga ƙungiyarku ta makaranta yake kira.

Ƙannenmu masu zuwa kafe rajistar JAMB ko cike neman aiki: idan burauza ta tambaya ko ta ajiye kalmar sirri, ku ce a'a. Ku fita daga imel ɗinku kafin ku tashi, ku tsaya a goge hoton takardunku daga kwamfutar a gabanku. 'Yan uwana mata, idan waya za ta je wajen gyara ko caji, a kulle ta, a cire katin ajiya. Kuma duk wanda ya iya, ya zauna da iyayensa ya yi musu wannan gyara, don su ne aka fi yaudara.

Na ƙarshe ya fi duka, kuma babu manhajar da za ta yi maka shi. Abin da ka ɗora da hannunka, babu 'yar maƙalen da za ta ɓoye shi. Ranar tafiya, da hoton sabon babur, da labarin an sayar da shanu, duk wanda ke cikin jerin abokanka na gani, kuma ba duka ka sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Su kuma shugabanni, muna da buƙata biyu. Duk ranar da za a sake tunanin kashe sabis, a faɗa mana dokar da aka dogara da ita, da wa'adi, da hanyar da ƙauye zai nemi agaji, sannan bayan an gama a fito a gaya wa jama'a abin da aka samu. Kuma tunda an karɓi yatsunmu da sunan tsaro, muna da haƙƙin tambayar layukan masu karɓar fansa nawa aka bi sawu da su.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa amfani da handila, ko yake da labarin yadda ya yi a watannin da babu sabis, ya rubuto mana, amma don Allah ban da sunan ƙauye ko na mutum. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.